Laifina ɗaya, na ƙirga kifin

Tunda dai maganar ta zagaye unguwarmu ta Nima a nan Akra, ta tsallaka Mamobi, har wani ɗan uwa ya kira ni daga Kumasi yana tambayar ranar ɗaurin aure, gara ku ji ta daga bakina.

Daren Litinin an ɗauke wuta, ɗaki ya zama tanda, na yi ta juyi har barci ya sace ni. Sai ga ni a bakin wani ruwa, ƙafar wando a naɗe, ina cusa hannu ina ciro karfasa manya-manya ina jefawa a roba. Iyakar mafarkin ke nan. Babu mace a ciki, ku riƙe wannan, ko inuwar mayafi ban gani ba. Da asuba na tashi raina fes, na yi sallah, na biya teburin mai shayi kafin in buɗe shago. A nan bakina ya yanka ni.

Ina cikin ba da labari ashe Shehin Waya yana zaune a ƙarshen benci. Kun san shi. Mun sa masa sunan ne saboda duk karatunsa a cikin waya yake, ranar da caji ya ƙare to ilimi ya tafi hutu. Kuma ku ji abin haushi, kaftanin da ke jikinsa a safiyar nan ni na ɗinka shi. Guda biyu ne, tun Babbar Sallar 2023, kuɗin ɗinki da aiki sidi 240. Ya ba ni 40, ya ce saura zai turo ta MoMo kafin a sauko daga Idi. An sauko daga Idi, an ci nama, an sake wata sallar, har yau saƙon yana hanya. In na tambaye shi sai ya ɗaga wayar sama yana juyawa, wai sabis ne ba ya kamawa. Wayar da ke kama Ibn Sirin tun daga Basra ita ce ba ta iya kama lambata da ke nan bayan masallaci. Har wuyan kaftanin ya fara cinyewa, ya taɓa kawo min wai in gyara masa, tunda aikina ne.

To shi ne ya gyara zama, ya ce akwai babi guda a kan kifi a littafin fassarar mafarki da ake jingina wa Ibn Sirin, wanda ya rasu shekara ta 110 bayan Hijira. Ya fara karantowa yana fassarawa. Ɗanyen kifi manya masu yawa, dukiya ce. Ƙanana, damuwa. Na ce nawa manya ne, kowanne ya kai tsawon hannuna. Mai shayi ya ce to Alhaji, ka tuna da mu. Na ji kaina ya fara girma, har na hango sabon keken ɗinki mai aiki da lantarki.

Sai Shehin Waya ya ɗago, cikin murya mai sanyi kamar likita, ya ce, "Malam Tela, guda nawa ne?"

Wallahi ya riga ya ga layin da ke ƙasa. Na tabbata ya gani, don na lura da yadda ya danne dariya. Ni kuwa mutum ne mai auna yadi, ƙidaya a jinina take. Na ce, "Uku."

Ya ce, "Allahu Akbar. Ga shi nan a rubuce. In ba a san adadinsa ba, dukiya ne. In an san adadinsa, mata ne."

Mai shayi ya ajiye buta ya ce, "Uku da ta gida, huɗu cif. Shari'a ta cika, ba ragi ba ƙari." Benci ya kwashe da dariya. Na ce ku tsaya, ina jin akwai wasu a ƙasan robar da ban duba ba. Suka ce bakin alƙalami ya bushe.

Na bar su a kan wasa ne. A raina kuwa na yanke cewa tawa fassarar dukiya ce, kuma don in ɗaure ta, bari in sayi kifi in kai gida a ci, a miƙa wa maƙwabta sadaka. Na rufe shago da hantsi, na hau trotro zuwa cikin gari, na taka har Jamestown, wai ni mai son ɗanye daga bakin teku. Na gangara ta gefen hasumiyar nan mai ja da fari, na tarar da kwale-kwale duk a kan yashi, masunta na zaune suna ɗinkin raga. Talata ce. A Akra aka yanke min cibiya, amma na manta masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku ranar Talata. Wata mata da na tambaya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ko da ba Talata ba ce, karfasar da nake nema daga Volta ake kawo ta, ta wajen Akosombo, in je kasuwa in daina ɓata wa mutane lokaci. Na juyo, na sauka a kasuwar Malata, na sami mai sayarwa a cikin ƙanƙara. Sidi 150 ne a aljihuna. Ta zaɓo, ta kankare, ta ƙulla a leda. Kuɗina guda uku ya saya. Na rantse da Wanda ya halicce ni, ban haɗa wannan ukun da wancan ukun ba.

Wayata kuma a mace take tun dare saboda rashin wuta, don haka ban san cewa labari ya riga ni isa gida ba. Matar mai shayi da matata wurin kitso ɗaya suke zuwa. Sauran ku ƙarasa da kanku.

Na yi sallama a tsakar gida wajen la'asar. Kun san gidanmu, ɗaki tara, famfo ɗaya, kuma a wannan lokacin kowace mace tana bakin murhunta. Amma ranar babu mai girki. Duk suna zaune a inuwar ɗakin Hajiya mai gida, har da wadda ke ɗakin ƙarshe da ta yi wata huɗu ba ta magana da matata. Ranar sun shirya. Aka amsa sallamata da murya ɗaya, irin amsawar da ake yi wa mai karɓar kuɗin wuta.

Ni ban gane komai ba. Na ɗaga leda sama da fara'a na ce, "Uwargida, ga tsaraba."

Shekara goma sha ɗaya ina kiranta uwargida. Ba ta taɓa cewa komai ba. Ranar sai ta juya ta dubi matan ta ce, "Kun ji ko? Har ya fara raba mana muƙami."

Ta taso a hankali, ta karɓi ledar da yatsa biyu, ta jawo babban faranti, ta ajiye a tsakiyar gida inda kowa zai gani. Ta kwance ƙullin. Ta ciro na farko ta wutsiya, ta ɗaga shi sama, ta ce, "Ɗaya." Ta shimfiɗa. Ta ciro na biyu. "Biyu." A nan ne abin ya faɗo min a rai. Na ji gumi ya tsattsafo tun daga ƙeya yana bin tsakiyar bayana, na shiga addu'a a zuci Allah ya sa mai kifin ta yi min gyara ko da ɗan ƙarami ne, ko da kai ne ba jiki, ya zama huɗu, ya zama uku da rabi, ya zama komai ban da abin da na san yana ciki. Ta cusa hannu, ta daɗe tana lalube kamar mai neman allura, ta ciro na ƙarshe. Ba ta ma faɗi adadin ba. Matan gida ne suka faɗa mata, baki ɗaya, kamar 'yan makarantar allo.

Ta zazzage ledar, ruwan ƙanƙara ya ɗiga. Ta jera su kai da kai, ta ce, "Malam, gabatar mana da su mana. Wacce ce ta unguwar Madina? Wannan mai ƙibar ita ce mai sayar da waken da kake cewa nata ya fi daɗi?"

Na ce, "Don Allah ki saurare ni, kuɗin ne ya sayi uku."

"Nawa?"

"Sidi 150."

Hajiya, wadda har yau da tsohon kuɗi take lissafi kamar ba a canja sidi a 2007 ba, ta dafe ƙirji ta ce, "Miliyan ɗaya da rabi! A kifi! Kai da ka ce in yi maka haƙurin kuɗin haya zuwa ƙarshen wata?"

Na ga an buɗe min shari'a ta biyu, sai na ruga wurin ilimi. Na ce jama'a, kifi ba lallai mace ba ne. Ku duba Suratul Kahfi, kifin da Annabi Musa, alaihis salam, ya yi guzuri da shi, alama ce ta wurin da zai haɗu da bawan Allah mai ilimi, babu zancen aure ko kaɗan. Na ji daɗin kaina da wannan hujja, har na ɗan gyara hula.

Matata ta ce, "To. Kai kuma da wa za ka haɗu?"

Wadda ke ɗakin ƙarshe ta yi dariya har ta ƙware, sai da aka bubbuga mata baya. Ita wannan, in ba don ina ganin girman mijinta ba, da na faɗi abin da ya sa aka daina ba ta ajiyar kuɗin adashi.

Ana haka Hajiya ta buga sandarta a ƙasa ta ce kowa ya yi shiru, duk shirme muke yi, yaran zamani da littafin waya. Ita tun tana yarinya a zangon Kumasi ta san fassarar mafarkin kifi, kuma ba ta taɓa saɓawa ba: ciki ne. In an ga kifi a mafarki, to wata a gidan tana da juna biyu. Na ji sanyi a raina, na ce ga mai cetona. Sai ta nuna matata da sanda ta ce, "Ke, zo nan in ga idonki. Uku ya gani ko? To ki shirya, 'yan uku ne."

Matata, da autanmu bai cika shekara biyu ba, ta dube ni da wani irin kallo, kamar ni na haɗa baki da Hajiya. Ta ce, "Wato ko kishiyoyi uku ko 'yan uku. Sannu da mafarki, Malam." Ta shige ɗaki ta ja labule.

Aka bar ni tsaye da faranti, ƙudaje sun fara taruwa, yaran gida sun kewaye ni, wani ƙaramin yana tambayata wacce ce amaryar. Ni na wanke kifin. Ni na hura gawayi na gasa a bakin famfo, ina fifita da murfin bokiti, mata tara suna kallo, kowacce na gyara min yadda ake juyawa. Da ya gasu aka ci da dokunu da shito, har ita matar tawa ta fito ta ɗauki mai ƙibar, ta ce bari ta fara gamawa da wannan. Ni kai aka bar min, guda uku.

Bayan isha'i na kai ƙara wurin limaminmu. Ya saurare ni har ƙarshe, yana ta shafa gemu don kada in ga bakinsa. Ya ce ai akwai hadisi, mafarki yana rataye ne a ƙafar tsuntsu matuƙar ba a fassara shi ba, in aka fassara sai ya faɗo, shi ya sa aka ce kada ka ba da labarinsa sai ga masoyi ko mai hankali. Ya tambaye ni Shehin Waya a wane layi yake cikin biyun. Ya ƙara da cewa malamai da dama ba su yarda Ibn Sirin ne ya rubuta littafin da hannunsa ba, kuma wani mafarkin ba ya wuce abin da mutum ya kwana da shi a rai ko a ciki. Ya ce me na ci daren? Na ce tuwo da miyar ayoyo, ko ƙashin kifi babu.

Sai ranar Alhamis na gano. Na zagaya bayan ɗaki neman wani ƙyalle da iska ta ɗauke, na tarar da tire a kan bulo daidai ƙarƙashin tagata, an rufe da raga. Kobi ne, karfasar nan mai gishiri, ta ɗakin ƙarshe ce ta shanya tun ranar Lahadi, ta rasa inda za ta ajiye sai inda nake sa kaina. Daren da babu fanka, taga a buɗe, ni na kwana ina shaƙa.

Na je na gaya wa Shehin Waya, don ya san fassararsa ta tashi a banza. Ya duba waya ya ce a'a, ai kifi mai gishiri ma yana cikin babin, baƙin ciki ne da damuwa, kuma ga shi na gani da idona, don haka littafi bai yi ƙarya ba. Sannan ya ce yana da wani yadi da surukinsa ya kawo masa, ko zan samu lokaci kafin Juma'a ta sama.

Yadin yana shago, ban taɓa shi ba tukuna. Matata ta fara yi min magana jiya, amma ta ce in daina kiranta uwargida har sai ta ga yadda shekarar nan za ta ƙare. Hajiya kuma kullum da safe sai ta aiko mata da koko mai zafi, wai don 'yan ukun.