Buhun shinkafa ba ya kashe gobarar daji

Assalamu alaikum jama'ar Zongo. Tun ranar Lahadi nake juya maganar nan a raina, na rubuta na goge har sau biyu, domin mutanen da zan taɓa ba baƙi ba ne a wurina. Cikinsu akwai kawuna, akwai waɗanda muka yi makarantar allo tare a Aboabo, akwai wanda har gobe in na je Ejura a ɗakinsa nake kwana. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Hotuna ne suka tayar da zancen. Wata ƙungiyar mafarauta da na san yawancin mutanenta ta kai ziyara gidan marayu a nan Kumasi. Sun cika aboboya biyu, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da buhunan shinkafa, jarkokin mai, sabulu, da ƙullin banda da suka ce na hannunsu ne. Sun sa riguna iri ɗaya, mai gangi yana gaba, yara na ta murna da karnuka. Kafin magariba Facebook ya cika da "Allah ya saka da alheri", kuma ni ma na rubuta, da zuciya ɗaya na rubuta. Sai dai a makon nan ɗin wani manomi da nake sayen doya a wurinsa ya kira ni daga can gefen Ejura, muryarsa na rawa. Wuta ta cinye masa rumbun doya da rabin gonar kashu da ya shekara shida yana raino. Ba wani abu ya haddasa ta ba illa wasu da suka cinna wa ciyawa wuta don su koro gyazbi, wanda mu a nan muke ce wa akranti. Ban ce 'yan wannan ƙungiya ne suka sa wutar ba. Amma sana'ar ɗaya ce, dajin ɗaya ne, kuma a idon manomin nan duk wanda ya rataya adaka ya bi kare ɗan gida ɗaya ne da wanda ya ƙona shi.

Kafin wani ya ce ɗan birni ne ke raina mafarauta, bari in faɗi abin da na gani da idona. Taimakon jama'a ba jiya ya fara ba a wurin maharba, kuma ba ƙungiyoyin zamani suka koya musu ba. Ina yaro, in Kawu ya dawo daga daji da gada ko mazo, ba a ɗora tukunya a gidanmu sai an gama aike. Ni ne ɗan aiken. Akwai kason liman, akwai na tsohuwar da ke bayan masallaci wadda 'ya'yanta suka tafi ci-rani ba su dawo ba, akwai na matar abokinsa da bindiga ta fashe a hannunsa ya rasu. Wannan na ƙarshen bai taɓa fashi ba, ko da zomo ɗaya aka samo. In na yi gunaguni cewa namu ya yi kaɗan, sai ya ce, "Kai yaro, wa ya ba shi ciyawa? Kai ne?" A ganinsu naman daji kiwon Allah ne, wanda ya harbo shi an ba shi rabo ne kawai ya kai wa masu shi.

Kuma ba nama kaɗai ba. Suna da susu tsakaninsu, kowane mako ana zubi, ranar da maciji ya sari wani ko harsashi ya kuskure ya same shi daga nan ake fitar da kuɗin mota da na asibiti. In an yi rasuwa su ne masu haƙa kabari, su ne masu kawo itacen girkin addu'a. Na tuna shekarar da wani yaro mai kiwo ya ɓata kwana biyu, gari ya rasa ta cewa, su suka bi sawu har suka same shi a gindin wata ƙirya ya galabaita da ƙishi. Babu wanda ya ɗauki hoto. Ba abin mamaki ba ne da garuruwa da yawa, a ƙasar Hausa da nan Ghana, suke danganta kafuwarsu da maharbi. Mutanen Techiman ma haka suke ba da tarihinsu. Wanda ya san inda ruwa yake da inda dabba ke kwana, shi jama'a ke bi su zauna.

To abin da ke damuna shi ne, ƙungiyoyin yau sun ɗauki salon wasu sun bar nasu. Shinkafa da sabulu kowa na iya kaiwa. Ƙungiyar direbobin trotro na iya kaiwa, matan kasuwar Kejetia na iya kaiwa, 'yan siyasa kuwa in zaɓe ya matso har sai gidan marayun ya rasa wurin ajiya. Abin da mafarauci ke da shi wanda babu mai shi sai shi, sanin daji ne. Kuma a nan ne jama'a suka fi bukatarsa, a nan ne kuma ya fi yin shiru.

Mu ɗauki wuta. Duk wanda ya kai shekara hamsin a ƙasar nan ba sai an ba shi labarin 1983 ba. Fari ya zo, gobara ta bi gonakin koko da na abinci, ga kuma mutanenmu kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya a shekarar. Yunwar da aka yi har ƙashin wuyan mutane ya fito, aka riƙa kiransa sarƙar Rawlings, da sunan shugaban ƙasa na lokacin. Bayan wannan ne aka yi dokar hana gobarar daji ta 1990, wadda ta haramta cinna wuta haka kawai, ta kuma tanadi a kafa 'yan sa-kai na kashe gobara a garuruwa. Yau sama da shekara talatin, amma duk hunturu in ka bi hanyar Mampong zuwa Ejura da dare, sai ka ga sararin sama ya yi ja. Ba mafarauta kaɗai ke da laifi ba, akwai makiyayi mai son sabuwar ciyawa, akwai mai ɗiban zuma, akwai mai gawayi, akwai manomin da ke sharar gona iska ta ƙwace masa. Amma wa ya fi maharbi sanin ta inda iska ke kaɗawa da azahar? Wa ya fi shi sanin inda za a share layi wuta ta tsaya? Da ƙungiya mai mutum talatin za ta ce daga Disamba zuwa Fabrairu mu ne 'yan sa-kan gobara na ƙauyuka uku, kuma duk ɗanmu da aka kama da ashana a ciyawa mun kore shi, wallahi da ta ciyar da marayun da ba ta san adadinsu ba. Doyar da ba ta ƙone ba ita ce ke sauka da araha a kasuwa.

Sai maganar rufe daji. Kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba hukumar kula da namun daji tana hana farauta, tun dokar 1971 haka abin yake, saboda lokacin ne yawancin dabbobi ke da ciki ko suke shayarwa. Akranti kaɗai aka ɗaga wa ƙafa, shi ma da lasisi. Kowa ya san wannan, ana faɗa a rediyo da Turanci da Twi da Hausa. Amma ku gaya mini gaskiya, a watan Satumba an taɓa rasa naman gada a gidajen fufu? Kasuwar Atwemonom da ke tsakiyar Kumasi sunanta ma daga ɗanyen naman gada ya samo asali, kuma tsofaffin matan da suka gaji sana'ar daga iyayensu za su faɗa maka cewa kayan da ake kawowa yanzu ba kamar na da ba ne, kuma daga nesa yake zuwa. Kawu kansa yana cewa da can in ya fita bayan asuba kafin hantsi ya dawo, yanzu yaransa sai sun yi kwana biyu a kan babur, wani lokacin su dawo da gafiya uku. Gwanki da ɓauna kuwa sai dai labari, ko ka je gandun dajin Mole ka biya kuɗin shiga ka gani. Wanda ya harbe gada mai ciki a watan Oktoba, ya kai cinyarta gidan marayu a watan Janairu, ban san yadda zai lissafa wannan ciniki ba.

Akwai kuma ɓangaren addini, wanda nake ganin malamanmu ba sa taɓawa sosai, wataƙila don su ma ana kai musu kaso. Musulunci bai hana farauta ba, Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo in an ambaci sunan Allah. Amma surar nan ɗin ita ce ta lissafa dabbar da aka shaƙe cikin haramtattu. Dabbar da ta kwana a tarkon waya ta mutu kafin a iso, mushe ce. Wadda aka zuba wa maganin feshi a abinci ko a bakin ruwa, ban da kasancewarta mushe, guba ce za a ba mutane. Da zarar an banɗare nama ya yi baƙi, babu mai iya bambance wanda aka yanka da wanda aka tsinta. Saboda haka in ƙungiya za ta kai banda gidan marayu, wa ya tsaya a kan naman? Wa zai iya dafa Alƙur'ani ya ce ya san yadda kowace tsoka ta mutu? Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki, wannan ko ɗan makarantar Islamiyya ya haddace.

Wani ƙanena da ke zaune a Bronx ya taɓa ba ni labarin yadda mafarautan Amurka ke yi. A jihar Virginia tun 1991 akwai shirin da maharbi ke ba da barewar da ya harbo, a kai wa mahauci mai lasisi ya gyara, sannan a raba wa masu ƙaramin ƙarfi. Kuma tun 1937 akwai harajin da ake ɗorawa kan bindigogi da harsasai a ƙasar, kuɗin na tafiya wajen kula da namun daji. Ban kawo wannan don in ce Bature ya fi mu tausayi ba, rabon nama mun riga su. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, kyautar tana tafiya da ƙa'idar lokaci da ta adadi, shi ya sa bana aka bayar baɗi ma akwai abin bayarwa. Mu ma ba mu rasa misali a gida ba. Mutanen Wechiau a can arewa maso yamma sun keɓe bakin kogin Black Volta saboda dorinar ruwa, sarakunansu ne suka tsaya, yau baƙi na zuwa kallo suna biya. A ƙauyukan Boabeng da Fiema birai na shiga gidaje ba mai taɓa su.

Wani abokina ya ce ai babban taimakon da mafarauta za su yi shi ne tsaro, ya kawo misalin maharban Adamawa da suka taimaka aka ƙwato Mubi daga Boko Haram a 2014. Gaskiya ne sun yi jarumta. Amma Ghana ba Adamawa ba ce, kuma tun bayan rikicin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon aka yi dokar 2019 da ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga. Mu 'yan Zongo mun fi kowa sanin yadda ake ɗaukar yaranmu haya a ba su riga da suna, in ta ɓaci a ce ba a san su ba. Ƙungiyar da ke da bindigogi ta yi nesa da ɗan siyasar da ya zo da kyautar babura. In an yi fashi a hanya, su nuna wa 'yan sanda sawu su koma gefe.

Abu ɗaya da na roƙi shugaban ƙungiyar mafarautan nan, kuma zan maimaita a nan don jama'a su shaida, shi ne saran maciji. Lokacin sharar gona da lokacin girbi kububuwa da kasa na yi wa manoma ɓarna, kuma mutum na farko da ake kira a ƙauye maharbi ne, don an san yana da magani. Ba zan yi jayayya da abin da suka gada ba. Amma na ga wanda aka tsare kwana biyu ana tsaga ana shafawa, sai da jini ya fara fita ta dasashi aka nemi mota. Kuɗin rigunan da aka ɗinka don ziyarar rana ɗaya zai iya zama asusun man babur, kowane ƙauye a san lambar wanda za a kira, a ɗauki mutum zuwa asibiti a daren. In maharbi da bakinsa ya ce a tafi asibiti, babu tsohon da zai musa.

Jiya bayan la'asar na je Asawase wurin Kawu na karanta masa rubutun nan kafin in sa shi, don kada ya ji a bakin wani. Ya tsufa yanzu, ido ya yi rauni, adakarsa na rataye a bango ta yi tsatsa. Ya saurara har ƙarshe yana taunar goro. Da na gama sai ya ce, "Ɗan nan, ka iya magana. Amma wata huɗun da ka ce a ajiye bindiga, wa zai ciyar da 'ya'yansu? Kai albashi kake ɗauka." Na ce masa, "Kawu, ai akwai masu kiwon akranti a keji, har a cikin garin nan, susun da kuke yi zai iya kafa wa mutum biyar a shekara." Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce maharbin da ke yanko wa ɓera ciyawa ai ya zama bawan ɓera. Can kuma ya yi shiru, sai ya tambaye ni nawa ake sayar da uwa mai ciki, kuma kejin katako ake yi ko na bulo. Na yi masa alkawarin zan tambayo kafin taronsu na Juma'a mai zuwa, ya ce in zo da manomin doyar nan in zai yarda ya zo.