Filin atisaye ba gadon ciyaman ba ne

Ranar Talata bayan la'asar na bi ta filin da muka taso muna buga ƙwallo, a wata tsohuwar unguwa a nan cikin birnin Katsina. Na tarar tifa ta juye yashi tuli biyu a bayan ragar gabas, an kafa turaku huɗu an ja igiya. Yara suna atisaye a abin da ya rage, kocinsu ya matso da wasan ciki da kamar taku ashirin, ya ajiye silifa biyu a madadin raga. Na ce, "Koci, lafiya kuwa?" Ya tofar da usur daga bakinsa ya ce, "Yallaɓai, sai dai ka tambayi manya. Ni ma yau da safe na zo na iske shi."

Ba zan kama sunan ƙungiyar ba. Masu abin sun san kansu, kuma wanda ke zama majalisar 'yan ƙwallo ya riga ya ji zancen. Shugabanni sun yanke shawarar yanka gefen filin da ke kallon titi su sayar a yi shaguna. Da kuɗin, in ji su, za a ɗinka jesi, a sayi takalma, a biya rajistar gasa, a samu motar zuwa wasan waje, ragowar kuma a sayi fili mai faɗi a bayan gari. A baki dai zancen ba shi da laifi. Magoya baya suka ce ba su yarda ba, a fito da takarda a gani: nawa aka sayar, wa ya saya, wa ya sa hannu, wa ya ci la'ada.

Yashin bai ɓata mini rai kamar amsar da aka ba su ba. An kira su 'yan hana ruwa gudu. An ce ba su san harkar gudanarwa ba, wanda bai taɓa ba da ko sisi ba ya ja bakinsa ya yi shiru. Sannan wasu masu ilimin Facebook suka shigo da turancinsu suna koya mana cewa haka ake yi a duniyar da ta ci gaba, ƙungiya kan juya kadararta ta zama kuɗi, ai ko Real Madrid ta sayar da filin atisayenta. Wannan misalin na Madrid ya zama kamar laya, duk wanda ya ƙyalla ido a kan filin yara sai ya ciro shi daga aljihu.

To bari mu buɗe layar mu ga abin da ke ciki. Gaskiya ne, a 2001, zamanin shugabancin Florentino Perez na farko, Real Madrid ta rabu da tsohon filin atisayenta da ke cikin birnin Madrid a kan kuɗi kusan Yuro miliyan 480, kuma aka gina dogayen benaye huɗu a wurin. Amma masu kawo misalin ba sa ƙarasa shi. Perez zaɓarsa aka yi, dubban 'yan ƙungiya masu katin zama memba suka jefa masa ƙuri'a, kuma a gaban wakilansu yake karanta lissafi duk shekara. Kuɗin da aka samu an san adadinsa har mu da ke Katsina muna iya faɗa. An biya bashi, an gina sabon filin atisaye a Valdebebas, aka buɗe shi a 2005, yana nan kowa yana ganinsa a talabijin. Duk da haka surutun cinikin bai mutu ba shekara da shekaru, har hukumomin Tarayyar Turai sai da suka nemi bayani. Wanda yake so ya yi mana Madrid, bismilla, ya fara da kiran taro ya karanta mana lissafin bara. Ba a ɗaukar rabin misali a bar rabin da ke da nauyi.

Ni misalin da ya fi kama da namu shi ne na ƙungiyar Reading, a Ingila. Wani attajiri ɗan ƙasar Chana, Dai Yongge, ya sayi ƙungiyar a 2017 da alkawarin kai ta Firimiya. Tun da wuri aka sayar da filin wasan ƙungiyar ga wani kamfaninsa, wato hannun dama ya sayar wa hannun hagu don littafin lissafi ya yi kyan gani. Daga nan albashi ya fara makara, haraji ya taru, hukumar gasa ta yi ta zaftare musu maki, suka faɗa rukuni na uku. A watan Janairun 2024 magoya baya suka cika fili a minti na 16 na wasansu da Port Vale, dole aka tashi wasan. Wata biyu bayan haka sai ga sanarwa: ana tattaunawa a sayar da Bearwood Park, sabon filin atisayen da aka kashe wa maƙudan kuɗi, ga maƙwabciyarsu Wycombe. Hujjar kuwa ita ce wadda muke ji a nan, wai ana neman kuɗin tafiyar da ƙungiya.

Magoya bayan Reading ba su tsaya jiran a yi musu bayanin harkar gudanarwa ba, suka kwashi jiki har ƙofar filin Wycombe suka yi zanga-zanga. Cikin 'yan kwanaki Wycombe ta janye jiki, ta ce ta gano izinin ginin wurin yana ɗauke da sharaɗin cewa Reading kaɗai za ta yi amfani da shi. A lura da wannan da kyau. Ihun jama'a da layi ɗaya da wani ya yi hangen nesa ya rubuta a takarda, su suka tsare filin. Kirkin mai ƙungiya bai tsare komai ba. A 2025 ya sayar da ƙungiyar ya kama gabansa, filin yana nan, magoya bayan da aka kira masu tayar da fitina su ma suna nan.

Ƙungiyar Brighton, ita ma a Ingila, ba ta yi wannan sa'ar ba. Shugabanninta sun sayar da filin Goldstone a 1995 ba tare da sun tanadi wani ba. A 1997 aka fitar da ƙungiyar, aka gina kantuna a wurin. Kaka biyu suna wasan gida a Gillingham, tafiyar kusan mil 70, sannan suka raɓe a wani filin guje-guje, ba su sake samun gidan kansu ba sai 2011. Shekara goma sha huɗu. Wannan a ƙasar da ake da kotu mai sauri da 'yan jarida masu bin diddigi ke nan.

Mu dawo gida. Ana magana kamar rashin yardar magoya baya wata cuta ce da ta faɗo musu daga sama. Ruwa ba ya tsami banza. Ni na yi shekaru ina bin wannan ƙungiya, ban taɓa zama taron da ma'aji ya miƙe ya karanta shiga da fita ba. An sha zagayawa da kwano a bakin fili ana tara kuɗin mota da na fiya wata. An sha cewa wani ɗan siyasa ya ba da gudunmawa, mu dai mun ga hoto ana miƙa ambulan, ba mu ga cikinta ba. Akwai yaron da wata babbar ƙungiya ta ɗauka daga nan, aka ce an biya wani abu, har yau in ka tambaya sai a ce maka maganar tana hannun manya. Mutumin da bai iya ba ka lissafin kuɗin ruwan leda ba, shi ne yau yake cewa ka yarda da shi a kan kuɗin fuloti na bakin titi. In ka yi tambaya kuma ka zama mara kunya.

Batun wai ba su ba da ko sisi ba, wannan shi ne ƙarshen rainin hankali. Wa yake fitowa bayan damina da fartanya yana cire tsidau da ƙarangiya? Wa yake roƙon burji a cike ramukan da ruwa ya haƙa? Walda nawa aka yi wa ƙarafan ragar nan daga aljihun masu facin taya da masu shayi? Wani dattijo da ke sayar da rake a bakin filin tun muna yara ya ce da ni, "Ɗana, ni ban san ofis ba, amma ciyaman shida na gani a filin ga, duk sun wuce sun bar ni nan." Da shi da wanda ya hau kujera shekaranjiya, wa ya fi haƙƙin a tambaye shi?

Sai alkawarin fili mai faɗi a bayan gari. Kowa a Katsina ya san yadda gari ya bazu tun da aka yi jiha a 1987, ya san inda farashin fuloti ya kai a hanyar Batagarawa da hanyar Daura da hanyar Dutsin-ma. Kuɗin da ya rage bayan jesi da mota da la'adar dillalai ba zai sayi filin ƙwallo a kusa ba, sai can inda awon igiya ya ƙare. A ce ma an saya. Yaron da ke fitowa daga Islamiyya ƙarfe biyar ya ruga fili da ƙafa, wa zai ba shi kuɗin acaɓa zuwa da dawowa kullum? Wace uwa ce za ta bar ɗanta ya kai magariba a bayan gari a wannan zamani da muke ciki? Amfanin filin unguwa shi ne yana cikin unguwa. Ka ɗauke shi ka kai daji, ka sami fili ka rasa yara. Jesi kuwa kaka ɗaya take yi ta koɗe, mota ta kwanta a garejin makanike, shago kuma in ya tsaya ya tsaya ke nan. Wanda ya taɓa ganin an rushe filaza an mayar wa yara filinsu a garin nan, ya zo ya nuna mini wurin, ni zan biya kuɗin mai. Kuma ba a yanka sau ɗaya a daina. Bana gefen titi, baɗi mai shago ya yi ƙorafin ƙwallo tana fasa masa gilashi, baɗin baɗaɗa a ce ai abin da ya rage bai isa wasa ba, gara a ƙarasa.

Tambayar da shugabannin suka fi ƙi ita ce mafi sauƙi: filin na wa ne? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma mai takardar mallaka a cikin birni ba shi da ikon sayarwa sai da amincewar gwamna. Irin waɗannan filaye kuwa, wani dattijo ne ya ce yara su riƙa wasa a nan, wani sarari ne da aka bari lokacin da aka yanka unguwa, wani kuma an yi masa takarda da sunan mutum ɗaya don a sauƙaƙa zirga-zirgar ofis. A wannan na ƙarshen ɓarna take kwana. Sunan da aka ara don sauƙi, bayan shekara ashirin sai ya zama mallaka, in mai sunan ya rasu ma har a sa filin cikin rabon gado. Ciyaman riƙo aka ba shi. Mai riƙon amana ba ya sayarwa ya dawo yana ba masu kaya labari.

Masu cewa ana fama da tsaro da tsadar masara wa yake ta ƙwallo, su je su tambayi mai unguwa inda yaran da ba su da filin zuwa da yamma suke ƙarewa, da inda ƙauraye, wato 'yan daba, ke samun sababbin yara. Muna alfahari da Karkanda, wato filin wasa na Muhammadu Dikko, muna cika shi in Katsina United na wasa, amma babu ɗan wasan da aka haifa a kan ciyawar can. Duk daga irin wannan turɓayar suke fitowa. Filin Polo ma ai fili ne, yana nan shekara da shekaru, don masu shi suna da bakin da ake ji.

Abin yi ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Magoya bayan Chelsea, waɗanda suka cika gidajen kallon ƙwallon garin nan, ya kamata su fi kowa sani: ƙasar da filin wasansu na Stamford Bridge ke kai tana hannun wani kamfani na magoya baya tun 1997, kuma a 2011 Roman Abramovich, mai Chelsea a lokacin, da duk dukiyarsa ya nemi ya karɓe ta, ya samu kashi 61.6 cikin ɗari na ƙuri'a alhali ana bukatar 75, dole ya haƙura. Mu ma a yi wa ƙungiya rajistar amintattu, a sa limami da mai unguwa da tsofaffin 'yan wasa a ciki, takarda ta koma sunan ƙungiya, a rubuta baro-baro cewa wurin na wasa ne. Hukumar tsara birane ta jiha kuma ta daina ba da izinin gini a kan filin da yara ke wasa ba tare da ta ji daga unguwa ba. Sauran bayani lauyoyi sun fi ni sani.

Jiya na sake bi ta wurin. An kawo bulo, an jera su a inda mai tsaron raga yake tsayawa. An ce za a yi taro ranar Asabar bayan isha'i a ƙofar gidan uban ƙungiya, kuma an ce ban da yara. Ni dai na wuce shekarun da za a kira ni yaro, zan je, kuma zan tafi da dattijon nan mai rake.