Baba, jira ni a bakin get

Jiya da la'asar na shiga wani ofis karɓar takarda, sai ga wani dattijo ya yi sallama, riƙe da 'yar leda, rigarsa duk ƙurar siminti. Da gani daga wurin gini yake. Ya tambayi ɗansa. Yaron ya fito cikin kwat, ya waiga hagu da dama, ya sassauta murya: "Baba, ai na ce ka riƙa kirana a waya. Je ka jira ni a bakin get." Ko rusunawa bai yi ba. Dattijon ya ce "to, to," ya juya yana murmushi.

Na san murmushin nan. Ni ma na taɓa sa wani ya yi shi. Wallahi ban san yadda na fito daga ofishin ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai gyaran keke ne a Dambatta. Gindin darbejiya ne shagonsa: buhu a shimfiɗe, sifanoni, famfo, gwangwanin sholisho, sai wani tsohon daro da yake tsoma tub a ciki ya ga inda kumfa za ta ɓullo. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, tun da hantsi mutanen ƙauye ke jere masa Raleigh da Phoenix, wannan sarƙa ta tsinke, wancan birki ya ƙi ci. Ba ya tashi sai salla. Baƙin mai ya zauna a faratansa har sabulu ya haƙura, tafin hannunsa kuwa kanta ce zalla. Da wannan hannun aka ciyar da mu, mu 8.

Ni ne ɗan fari, kun kuwa san alkunyar mutanen da. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai, wannan." Amma bayan 1986, da tsarin gwamnati na gyaran tattalin arziki, wato SAP, ya karya darajar naira, taya da tub suka yi tashin gwauron zabi, ba a taɓa koro ni gida saboda kuɗin makaranta ba. Sai da na girma Inna ta gaya mini cewa salla uku a jere bai ɗinka sabuwar riga ba.

Ranar ziyara a makarantar kwana, iyayen wasu suka zo a Fijo 504. Shi a kan kekensa ya zo, ya ɗaure ƙuli-ƙuli da garin kwaki da yaji a kariya, gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Wani abokina ya ce, "Wane ne wancan?" Na ce, "Wani ne daga garinmu, aiko shi aka yi."

Ya ji. Na san ya ji. Ya kwance kayan ya miƙo mini, ya zaro Murtala guda, naira 20 da ta yi laushi don ninki, ga tabon giris a gefenta. Sai ya ce, "Mutanen gida suna gaishe ka." Wato ya taya ni rufe ƙaryata don kada in ji kunya a gaban abokaina. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba, ni kuma girman kai ya hana ni in ce "Baba ka yafe mini." Kullum sai in ce gobe.

'Yan uwa, mu ji tsoron Allah. Mu nawa ne idan aka ce me babanka yake yi, sai harshe ya sarƙe? Mai faci ya zama "ɗan kasuwa," ɗan dako ya zama "yana harkar sufuri." Ke da ba kya so saurayinki ya zo lokacin da Baba ke dawowa da kurar ruwa, kuɗin hodar da ke fuskarki daga ina suka fito? Kai da ke gyara wa tsohonka magana a gaban baƙi don ka yi boko, wa ya sayi allon da ka fara rubutu a kai? Ga mai ganin "Baba" a fuskar waya ya kife ta don yana cikin manya. Ga mai biki da zai cika gaba da masu babbar riga, uban ango yana can baya a kujerar roba, ba wanda ya san shi ne. Kuma mu ɗin nan, ranar da ya faɗi, mu ne masu sa hotonsa a Facebook muna cewa bango ya faɗi. Bangon da muka yi ta ɓoyewa yana tsaye!

Kada wani ya ce na hana a hutar da iyaye. A hutar da su mana. Amma "Baba ka huta" iri biyu ne, akwai na tausayi, akwai na kunya, kuma tsoho yana rarrabewa. Ni na biyun na yi. Da baburan Jincheng suka cika gari, ciniki ya ja baya, na je na ce ya bar gindin bishiyar nan zan riƙa aiko masa. A raina ba gajiyarsa nake gani ba, kada dai abokan aikina su bi hanyar Kazaure su gan shi a tsugune. Ya dube ni ya ce, "In na tashi, wa zai yi wa 'yan makaranta faci?" Ashe kyauta yake yi musu.

Ranar zaman makoki na ga abin da ya ƙara kashe mini jiki. Tsofaffi suka riƙa zuwa daga ƙauyuka, wasu a kan kekunan da shi ya ɗaura wa taya. Wannan ya ce Baba na bin sa bashi ya yafe, wancan ya ce Baba ne ya raka shi asibiti da dare. Mutumin da na ƙi nunawa, gari guda ke tinƙaho da shi. Na tuna Abdullahi ɗan Umar, da ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka ya ba shi jakinsa da rawaninsa, don kawai mahaifin mutumin aminin Umar ne. Ni kuwa ko sunayen aminan Baba sai ranar na sani.

Ƙanina mai kwat, ban san sunanka ba, amma ko Allah zai sa wannan ya iso gare ka. Naka yana raye. Gobe in ya zo, fita ka durƙusa, ka kama hannun nan mai kaushi, ka shigo da shi har gaban ogan naka ka ce "wannan mahaifina ne." Don Allah ka yi. Kada ka ce gobe irin tawa.

Famfon Baba yana nan a ɗakina, mariƙin ya yi santsi daidai inda tafinsa ke zama. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Rabbirhamhuma kama rabbayani sagira. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya yafe mini.