An yi, Alhaji, wallahi an yi

Bidiyon nan da aka yaɗa na wasu ɗalibai suna rawa a gidan haya kowa ya gani, ba sai na maimaita ba. Rawar ba ta burge ni ba, amma sharhin da ke ƙarƙashinta ya fi ta ban haushi. Kowane mai furfura a Facebook ya wayi gari waliyyi. "A zamaninmu ɗalibi daga aji sai masallaci sai gado." To sannunku, bayin Allah na gari. Alhaji, wane zamanin ke nan? A wane gari?

Mu fara da abin da ba ya ɗaukar gardama. Maraɗi ba ta samu jami'ar gwamnati ba sai 2010. Kafin nan duk wanda ya ci bak, ko dai ya kama hanyar Yamai ya tsallaka Gadar Kennedy zuwa Harobanda, inda jami'a take, ko ya nufi Dakar, Abijan, Lome ko Zariya. Babban hutu na kamawa su dawo gida da jakar kaset da sabon taku, ƴan lise na bin su kamar jela. Su wane ne ke haɗa bal, wato daren rawa, a watan Agusta? Aljannu? Wane ne ke rubuta katin gayyata da hannu yana aiken ƙaninsa ya kai wa ɗiyar mutane a unguwar Zariya ko Sabon Gari? An yi bal, an yi bum (ƙaramin shagalin rawa), an yi bubet (wurin sayar da abin sha), an sha abin da aka sha. An yi.

Tun da mantuwa ta yi yawa, bari a tuna muku yadda ake haɗa bal ɗin, don aiki ne mai tsari, ba hauka ba.

Sati biyu kafin ranar ake kafa kwamiti: shugaba, ma'aji, mai kula da sauti, mai kula da abin sha, da ƙarti biyu na bakin ƙofa. A yi karo-karo, a raba kuɗin kashi uku. Kashi ɗaya na hayar sauti da mai, ɗaya na abin sha da ƙanƙara da kujeru, na ukun a ɓoye shi wurin ma'aji don ɓarna, domin ba a taɓa watsewa ba a fasa kwalba ko an karya ƙafar kujera ba. Kwamitin da ya cinye kashi na uku tun kafin ranar, shi ne washegari ake ganin shugabansa yana jinginar da rediyonsa. Sai takardar neman izini, ga daraktan lakwal in a harabar makaranta ne, ga hukuma in a waje ne, da sunan mutum da sa hannunsa da lokacin tashi. Ku riƙe wannan: akwai sunan wani a takarda. In abu ya lalace, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Fili ana yayyafa masa ruwa sau biyu, da la'asar da kuma bayan magariba, ya tsotse. Wanda ya bari sai dab da farawa ya kwarara ruwa, laka ya haɗa wa mutane. Wanda bai zuba ba sam, kafin sha ɗaya ƙura ta turnuƙe, tari ya fi kiɗa ƙara, kuma ƙurar nan ita ce ke kashe injin kaset. Shi ya sa ake rububin wurin da ke da daɓen siminti, filin ƙwallon kwando ko gidan matasa.

Sauti kuwa nan ne ake gane gwani. Injin kaset biyu ake jerawa, ɗaya na juyi, ɗaya an riga an saita shi a bakin waƙa ta gaba. Ba a jan kaset baya da injin, da bik ake murza shi, don kada a gajiyar da bel ɗin roba a kuma cinye batir. C60 minti talatin ne kowane gefe, C90 minti arba'in da biyar, kuma a nan mai hankali ke tsayawa. C120 zarensa siriri ne, shi ne wanda injin ke taunewa ana tsakiyar rawa. In ka ji murya ta fara ja kamar mai maye, ko bel ya saki ko ƴar robar da ke matse zare ta yi datti, sai auduga da alkol na kanti a goge ta a goge kan. Zare in ya tsinke, a daidaita baki biyu a liƙe da ɗigon jan farce, a jira ya bushe. Kaset mai daraja kuma ana karya ƴan haƙoran nan na samansa, kada wani ya danna jan maɓalli ya shafe rumbar da aka sha wahala aka kwafo daga Abijan. Rumbar Zayar, makosar Kamaru, zuk, rege, disko, duk sun ratsa garin nan. Sulo, kiɗa mai sanyi, ba a sa shi sai dare ya raba, uku a jere, sannan a dawo da mai zafi. Alhaji, kai da ka ce ba ka san komai ba, me ya sa kake murmushi?

Wuta ba a dogara da ita, dole a tanadi gurub, wato injin wuta. Ƙaramin gurub yana shan kusan lita guda a awa, don haka daga tara zuwa biyu na dare lita biyar ke nan, sai a sayi bakwai. Man ruwa-ruwa na kwalba ake saye saboda araha, amma sai an tace shi da ƙyalle mai tsabta, in ba haka ba datti ya toshe kafireto, inji ya dinga tari, wuta na hawa tana sauka har ta gasa ampili. Ana ajiye shi can bayan katanga, taku ashirin ko talatin, saboda ƙara da hayaƙi. Ƙa'idar ita ce gurub ya fara tashi ya daidaita, ampili ne ƙarshen kunnawa kuma shi ne farkon kashewa. Ba a ƙara mai inji na aiki. Babbar ɓarna kuma ita ce ta mai wayon da fis ya ƙone ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba. Kiɗa zai dawo, e, na minti goma, sannan ka ji ƙaurin taransifoma. Masu tsoron duk wannan sukan ajiye batirin mota mai bolt 12 a gefe, ko ba komai a ƙarasa daren da ƙaramin rediyo.

Abin sha: rabin tano biyu, ɗaya na lemu ɗaya na giya, ba a haɗa su, don mafi yawan mahalarta lemu suke sha kuma ba sa son ko ruwan ɗayan ya taɓa kwalbarsu. Sandar ƙanƙara ana ɗauko ta a naɗe cikin buhu da garin katako. Kwalabe a ƙasa, ƙanƙara a sama manya-manya, jiƙaƙƙen buhu a rufe, tun ƙarfe biyar. In aka farfasa ta ƙanana, kafin goma ta zama ruwa. Gishiri yana sa sanyi ya kama da wuri amma yana cinye ƙanƙarar, sai in an makara ake zuba shi. Kaziye na manyan kwalabe 12 yake ɗauka, na ƙanana 24, kuma kowace kwalba akwai kuɗin ajiya a kanta. Ribar dare ba a sayarwa take zubewa ba, a kwalaben da suka bi mutane gida take zubewa, shi ya sa ake sa yara biyu ba su da aiki sai tsince su.

Bubet na kusa da ɗakunan ɗalibai kuwa, littafin bashi ne ke riƙe da shi. Shafi guda, suna guda. Ranar da burs, kuɗin tallafin ɗalibai, ya faɗo a soke, a buɗe sabo. In burs ya yi jinkiri, mai bubet ya kasa biyan mai kawo kaya, kaziye ya daina zuwa, sai ka ga wurin ya koma sayar da kofi da burodi da ƙwai. A teburan nan aka yi bilot, aka yi gardamar siyasa, aka tsara yajin aiki. Ƙarnin da ya yi tattakin 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka kashe ɗalibai uku a Gadar Kennedy, shi ne dai ƙarnin bal da bubet. Mutum ɗaya ne, da safe yana ɗakin lacca, da rana yana taron ƙungiyar ɗalibai ta USN, da dare yana rawa. Ba ku rage musu daraja ba in kun faɗi haka, kuma ba ku ƙara wa kanku ba in kun ɓoye.

Na san abin da za a rubuto. "Wato kana son a buɗe mashaya a jami'a?" Ka karanta da kyau, malam, ko ka ba wani ya karanta maka. Giya haramun ce a 1985, haramun ce yau, babu wanda ya canza hukuncin. "Ai a Maraɗi ba a taɓa yin haka ba, garin malamai ne." To a watan Nuwamba na 2000, lokacin tarzomar adawa da FIMA, bikin nunin tufafi, mashayun da aka ƙona a garin nan daga sama suka faɗo a daren? Ba a ƙona abin da babu. "Ai ƴan ƙalilan ne." Na yarda. Yaran bidiyon ma ƴan ƙalilan ne, sauran dubbai suna ɗaki suna haddar darasi da fitilar waya, ba wanda ya ɗauke su hoto.

Maganar gaskiya kuma, ban ce zamanin can alheri ne zalla ba. Akwai haziƙan da kwalba ta cinye, suka bar karatu a shekara ta biyu, iyayensu na ƙauye na jiran likita. Akwai ƴan matan da aka kora daga lakwal saboda ciki, wanda ya yi cikin ya ci gaba da karatunsa har ya zama babban mutum, wataƙila ma yana cikin masu sharhin nan. Akwai waɗanda sida ta ɗauke, aka ce wa dangi ciwon daji ne ko sammu. Duk wanda ya rayu a lokacin yana da sunan da zai iya ambata a zuciyarsa. Wannan ne ya kamata babba ya zaunar da yaro ya gaya masa: ɗana, mun bi hanyar nan, ga inda ramin yake. Yaron da ka ce wa ba ka taɓa gani ba, alhali ya ga hotonka a tsohon album na gwaggonsa da gashi tsaye da wando mai faɗin ƙafa, me zai sake yarda da shi daga bakinka?

Abin da ya canza shi ne wuri. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi, burs ya koma sai an ga dama, shekarun karatu suka riƙa lalacewa. Fada, majalisar samari, ta karɓi dare: furno, gawayi, buta, ganyen shayi, benci a ƙofar gida. Ita ma fada a fili take, maƙwabci na gani, limamin unguwa na wucewa. Bayan 2000 kuma abin da ya rage ya shige ɗaki ya ja labule. Yau ina kwamiti? Ina takarda mai sa hannu? Ina ƙarti biyu da tambarin tawada a wuyan hannu, masu kora ƙananan yara? Ina dokar cewa wanda ya je ya roƙi iznin yarinya wurin mahaifiyarta shi zai maida ta har zaure? Babu. Sai ɗakin haya, ƙofa a kulle, sifika mai caji, shisha, sai taramol da maganin tari waɗanda ba su da wari balle wani ya ji ya tsawata. Mai kwalba ana hango shi daga nesa. Mai ƙwaya sai ya faɗi ake sani.

Saboda haka masu cewa a hana, a hana, me za a hana wanda ba a riga an hana ba? Ɗan shekara ashirin da ya bar Dakoro ko Tasawa ko Mayayi ya zo karatu, yana kwana su huɗu a ɗaki, zafin Afrilu ya hana barci, ina kuke so ya zauna daga isha'i zuwa sha biyu? A ba su fwaye, wato zauren shaƙatawa, mai fitila da fanka, da mai shayi, da talabijin na ƙwallo, da teburin bilot da sikirabul, da daren wasan kwaikwayo ko kiɗa sau ɗaya a wata, da lokacin rufewa, da kwamitin ɗalibai mai suna a takarda. Ba giya, ba kulle ƙofa. Wannan bai kai kuɗin kwana biyu na taron bita a otal ba.

Wanda kuma ya yaɗa fuskokin ƴan matan nan yana rubuta "Allah ya shirya", kai ma Allah ya shirye ka. Zamaninku ba kamara a aljihun kowa, shi ya sa kuke da bakin magana. An yi, an rufa muku asiri, kun girma kun yi Hajji. Ku bar na baya su ma su samu wannan damar.

Af, tun da maganar kaset ta taso: masu kwalaye cike da su a saman sif ko ƙarƙashin gado, zafin ɗakin kwano yana cinye su, zaren yana manne wa juna. Wasu a ciki ɗaukar makaɗan garin nan ne na bukukuwa da wasannin samariya na zamanin Kunce, babu kwafinsu ko'ina. Kada ku saka tsohon kaset a inji kai tsaye. Ku fara murza shi da bik daga farko har ƙarshe ku dawo, ku duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zare ko ya faɗi, in ya faɗi a ciro na wani kaset a liƙa. Sannan waya mai kai biyu daga ramin abin kunne zuwa kwamfuta, ƙara a rabi don kada sauti ya fashe. Masu gyaran rediyo na kasuwa har yanzu suna da bel, in babu ma robar ɗaure kuɗi tana riƙewa na kaset biyu ko uku kafin ta saki.