Ga samarin Adar masu shirin aure bayan kaka

'Yan'uwana samari, musamman ku da kuka dawo daga bida, wani daga Libiya, wani daga Abijan ko Legas, da ku nake. An gama girbi, lokacin bukukuwa ya kama, na kuma san da yawanku kun dawo da kuɗin aure a aljihu. Allah ya sanya albarka. Amma kafin ka tura magabata, ka tsaya ka tambayi shekarun yarinyar.

Babban binciken lafiya da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cikin mata 100 'yan shekara 20 zuwa 24, 76 an ɗaura musu aure kafin su cika 18, 28 kuwa tun kafin 15. Babu ƙasar da ta kai mu a duniya. UNICEF ta ce duk shekara 'yan mata wajen miliyan 12 ake aurarwa da ƙuruciya. A Indiya da Habasha abin ya ja baya sosai, har a duniya ya sauko daga mace ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin biyar. Mu a nan, da maƙwabtanmu Mali da Cadi, tafiyar hawainiya muke yi.

Mun saba ɗora laifin a kan tsofaffi, kuma dalilansu ba ɓoyayyu ba ne. Shekarar da damina ta ƙi, rumbu ya ƙare tun kafin bazara, uba yana ganin aurar da 'ya ragin baki ɗaya ne a akushi. Yarinya ta gama aji shida a ƙauye, kwalejin yana can Bouza ko Keita ko Illela, ba mai masaukin da aka yarda da shi, sai ta zauna gida tana talla. Daga nan sai tsoron abin kunya ya shiga ran uwa, a ce gara a kai ta ɗakinta kafin ta jawo magana. Duk na yarda. To amma wa yake zuwa neman auren? Mu ne. Mu ne muke cewa ƙarama muke so, wadda idonta bai buɗe ba, wadda za ta zauna da tsohuwa idan mun koma.

'Yar ƙanen mahaifina shekararta 14 aka kai ta. Ina nan ranar, har na taya ɗaukar kayan ɗaki. Wata biyu da biki mijin ya hau mota zuwa Agadas, ya bar ta da ciki da daka da ɗiban ruwa. Da naƙuda ta zo, kwana uku tana durƙushe a ɗaki, ana ba ta rubutu, ana ce mata ta yi haƙuri, haihuwar fari haka take. Sai a rana ta huɗu aka sa ta a amalanken jaki zuwa likita, daga can aka wuce da ita Tawa. Jaririn bai zo da rai ba. Ƙugunta bai gama faɗi ba, kan yaron ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu, ta dawo da yoyon fitsari. Abin da ba na mantawa shi ne ledar da take shimfiɗawa a kan tabarma, da yadda take janye jikinta gefe idan mun shigo gaisuwa, don kada mu ji wari. Takardar saki ta waya ta iso mata. An yi mata aiki a Yamai daga baya, alhamdu lillahi ta warke, amma ba ta koma makaranta ba.

Wani zai ce addini bai hana ba. Ɗan'uwa, addinin nan ne ya ce ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta, kuma ya hana cuta da cutarwa. Yarinyar da ta yi shiru don tsoron mari, tana kuka a bayan ɗaki, ka tabbata a ranka wannan shirun yarda ne? Dokar ƙasa ma da sauranta, domin har yanzu shekara 15 ta yanka wa mace, namiji 18, kuma yawancin aurenmu ba ya bi ta magajin gari balle a duba takardar haihuwa. A 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun 'ya mace, amma takarda ba ta shiga zauren da ake raba goro. Kai ne kake shiga.

Idan kana son yarinyar da gaske, ka jira ta, ka bari ta yi jarrabawarta, jikinta ya ƙosa. In kuwa ƙanwarka ce aka fara yi wa magana, yau a gidanku ana jin ta bakinka, tunda kai kake aiko da kuɗin hatsi. Ka samu Baba bayan sallar isha'i, ka durƙusa ka roƙe shi cikin ladabi, ka ce ka ɗauki nauyin littattafanta da buhun geron da za a kai wa mai masaukinta a gari, shekara bayan shekara har ta gama.