Hasashen guguwar teku ba canki-canki ba ne

Yana damuna in ji ana cewa masu hasashen mahaukaciyar guguwar teku canki-canki suke yi, yau kamar jiya. Masu faɗin haka suna da ɗan dalili, domin guguwa takan kauce wa inda aka ce za ta faɗa.

Amma an yi nisa. A 1900 guguwa ta afka wa Galveston a Amurka, ta hallaka aƙalla mutum 6,000, lokacin babu mai ganin tsakiyar teku. Tun shekarun 1960 tauraron ɗan'adam ke hango guguwa daga sama, jirage na kutsawa cikinta suna auna iska, kwamfuta na lissafa hanyarta. Daga 2003 Amurka ke fitar da hasashen kwana biyar. Ƙarfin guguwar ne har yanzu ke ba masana wahala, don yakan ƙaru cikin dare ɗaya.