Hayar Suna da Hayar Shago

(Bakin wata filaza a Titin Gidan Zoo, Kano. Dillali na kaɗa tarin mukullai, Alhaji mai ginin na kan kujera, Ɗan Boko na rungume da fayil.)

DILLALI: Yallaɓai, ga wuri! Wallahi mutum uku na kora saboda kai. Ko gishiri ka kasa a nan, kafin la'asar ya ƙare.

ƊAN BOKO: Ya yi mini, amma sai kamfanin soyayyar kazar da zan buɗe reshensa ya amince daga Legas.

ALHAJI: Kuɗin nasu ne?

ƊAN BOKO: Nawa ne, ranka ya daɗe.

ALHAJI: Shagon fa?

ƊAN BOKO: Ni zan kama. Sunan ne nasu. Na biya kuɗin shiga, kuma duk wata zan ba su kaso daga ciniki. Su ke faɗin fentin bango, da rigar ma'aikata, da yadda za a soya kazar.

ALHAJI: Ikon Allah! Kai da kuɗinka, wani ya koya maka suyar kaza? Uwar gidana tun kafin gidan abincin Mr Bigg's ya buɗe a 1986 take suya, ba ta taɓa tambayar Legas ba.

DILLALI: Alhaji, ai hayar suna ce. Kamar ɗan kamasho ne ya ari rigar direba.

ƊAN BOKO: Ga sharuɗɗan. Shago ya kasance a kwana, ana hango allon suna daga hannu biyu. A samu wurin ajiye mota goma sha biyar.

DILLALI: Akwai! Ga fili nan har Kwanar Dawaki.

ƊAN BOKO: Malam, wannan ai titin gwamnati ne.

DILLALI: To gwamnatin ba ta mu ba ce?

ƊAN BOKO: Sai wurin janareta, da tankin ruwa, da bututun hayaƙi ta rufi. Yarjejeniyar shekara goma, kuma wata uku na farko ba haya, don lokacin gyara ne.

ALHAJI: Tsaya. Ka fasa mini rufi, ka zauna wata uku kyauta, sannan in yi shekara goma ban ƙara ko kwabo ba? Yaro, ka san kuɗin buhun siminti yau?

ƊAN BOKO: Ana rubuta ƙari, ranka ya daɗe, bayan kowace shekara biyu ko uku.

ALHAJI: Ni nakan yi ƙari ne ranar da na tashi da ciwon kai.

DILLALI: Gaskiya ne, na shaida. Bara sau biyu kan ya yi ciwo.

ƊAN BOKO: Sharaɗi na ƙarshe: kada a ba wani mai sayar da kaza wuri a filazar nan.

(Dukkansu suka juya. Mai tsire na fifita wuta a bakin ƙofa, kaji shida a kan waya.)

ALHAJI: Wancan surukina ne.

DILLALI: Kuma ba kaji ba ne, Yallaɓai. Zabbi ne.

ƊAN BOKO: Da tukku a ka?

DILLALI: Zabbin Bazazzagi ne, sun yi boko.

ALHAJI: Wai duk kamfanonin nan haka suke wahalar da masu gini?

ƊAN BOKO: Wasu ma su ne masu ginin. McDonald's, masu gidajen abinci na Amurka, tun 1956 suka kafa reshen filaye. Su mallaki wurin, su ba mai hayar sunan haya, su karɓi kuɗin suna, su karɓi kuɗin shago.

ALHAJI: (ya gyara zama) Haya biyu a kan mutum ɗaya? Wannan Bature ya san duniya. Yana da reshe a Kano in je gaisuwa?

ƊAN BOKO: Ko a Legas babu.

DILLALI: Alhamdu lillahi. Da mun koma tallan goro. To Yallaɓai, maganar la'ada: kashi goma na shekara goma, ka ga shekara guda cif.

ƊAN BOKO: Kashi goma na abin da na biya yanzu. Lauya ma na jiran nasa goman. Kuma duk wannan sai kamfani ya turo mai ƙirga motoci da masu wucewa tukuna.

DILLALI: Ƙirga? Wannan mai sauƙi ne. Ƙanena na da A Daidaita Sahu huɗu, su yi ta zagaye daga asuba zuwa isha. Yaushe zai zo?

ƊAN BOKO: Jiya ya zo. Wani siriri mai tabarau, da littafi a hannu.

(Shiru. Alhaji ya kalli Dillali.)

ALHAJI: Wanda ka ce mini ɗan haraji ne?

DILLALI: Kai ka sa aka rufe ƙofa aka ce ginin ba kowa, Alhaji.

ALHAJI: Kai kuma ka ce masa titin nan ko akuya ba ta bi!

ƊAN BOKO: Inna lillahi...

DILLALI: Kwantar da hankalinka, Yallaɓai. Ina da wani wurin a Titin Maiduguri, shi a kan kwana har guda biyu yake. Kawo dubu biyar kuɗin gani.

ƊAN BOKO: Na ba ka ɗazu!

DILLALI: Wancan ai ka gani.